Kwamfuta ta ƙi ganin kyamararka? Fara duba kebul

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. To ka cika kyamara da hotuna, ka jona ta da kwamfuta kana jira wani abu ya fito, shiru kamar malam ya ci shirwa. Kafin ka ce kyamarar ce ta lalace duba kebul ɗinka, domin kebul ɗin USB iri biyu ne. Kamarsu ɗaya sak a ido. Amma ɗaya daga ciki caji kawai ya iya, wayoyin wuta ne kaɗai a cikinsa babu na data, irin wanda ake haɗowa da fitila ko 'yar sifika. Abin haushin shi ne kyamara tana iya nuna tana caji, kai kuma ka ɗauka komai lafiya lau. Ni kaina na taɓa ɓata yamma guda ina sauke direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura, ina gogewa ina sake saukewa, ashe kebul ne ya yi min wannan aika-aika. Don haka nemo wanda ya zo a kwalin kyamarar, in ya ɓata gwada wanda ka tabbatar yana tura fayil daga waya, ka soka shi kai tsaye a jikin kwamfutar, ban da hob, wato 'yar na'urar nan mai ƙara yawan ramukan USB.

Sai ka kunna kyamarar, eh na san abin dariya ne amma mutane da yawa a kashe suke jona ta. Batir ya zama da caji sosai saboda in ta mutu ana tsakiyar kwafi fayil yana iya lalacewa.

Yanzu mu shiga menun kyamarar. Nemi wajen da aka rubuta USB. A Sony za ka ga Mass Storage da MTP da PC Remote. Mass Storage yana sa kwamfuta ta ɗauki kyamarar kamar filashi, shi ya fi sauƙi, MTP da ɗan'uwansa PTP kuma za ta fito da sunanta a matsayin na'ura a cikin This PC. In ɗaya ya ƙi canza zuwa ɗayan, ka zare ka sake jonawa. Masu Canon ku saurara, a wasu samfuran in Wi-Fi yana kunne to USB ɗin ba zai yi aiki ba sam, sai ka kashe shi tukuna. Har yanzu shiru? Buɗe Device Manager, wato wajen da Windows ke jera na'urorin da aka jona, in ka ga alamar rawaya a gefen sunan kyamarar danna maɓallin dama na linzami ka cire ta, zare kebul ka mayar, Windows za ta sake ɗora direban da kanta. A Mac kuwa Image Capture za ka buɗe.

Amma gaskiya in ni ne, ba na wannan wahalar. Kashe kyamara, zaro katin SD, sa shi a ramin laftof ko a kad rida, wato na'urar karanta kati, ya ma fi sauri. Abu ɗaya dai, katin da ya wuce 32GB SDXC ne, tsarin exFAT yake amfani da shi, tsohon rida da yawa ba ya karanta shi. Buɗe katin za ka ga folda DCIM, a ciki akwai wata kamar 100CANON ko 100MSDCF, to nan hotunanka suke.

Nan fa a kula. In Windows ta fito da saƙo tana cewa sai ka yi fomat kafin ka yi amfani da katin, don Allah kar ka danna, danna Cancel ka mayar da shi kyamara ka ga ko hotunan suna buɗewa, sannan ka gwada wani ridan. Fomat ɗin nan shi zai share komai. Kuma kwafi za ka yi ba kot ba, domin kot yana cire hotunan daga katin, ka buɗe wasu hotunan a kwamfuta ka gani da idonka sun fito, sannan ka goge katin, shi ma daga cikin menun kyamara.

In ka ga fayil ya ƙare da CR3 ko NEF ko ARW ya ƙi buɗewa, lafiyarsa ƙalau, RAW ne, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, sauke Raw Image Extension daga Microsoft Store zai buɗe. Ka yi ijet, wato ka danna Eject a kwamfuta, kafin ka zare katin.