Matakai 12 Na Barin Ƙwaya Da Inda Musulmi Ke Tsayawa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga Agege a Legas nake muku magana, ku yi haƙuri da hayaniyar motocin danfo.

Duk wanda ya san kasuwar Mile 12 ko ta Alaba Rago ya ga yadda ƙannenmu masu dako ke haɗiyar tramol tun da asuba don jiki ya ɗauki aiki. Binciken UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi da laifuka, na 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi. A shekarar ce gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, amma wanda ya riga ya kamu fa, yana nan da ciwonsa.

Akwai tsarin da ake kira matakai 12. A 1935 wasu mashaya biyu, Bill Wilson da Dakta Bob Smith, suka haɗu a garin Akron na Amurka, suka gano cewa mashayi ya fi jin maganar wanda ya taɓa shiga halinsa. Daga nan Alcoholics Anonymous, ƙungiyar mashaya masu taimakon juna su daina giya, ta samo asali, sannan a 1953 aka kafa Narcotics Anonymous ta masu ƙwaya. Tushen abin daga wata ƙungiyar Kiristoci yake, shi ya sa wasu malamanmu ke ɗari-ɗari da shi, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai a 1989 Musulmi a Baltimore sun kafa Millati Islami, suka sake gina matakan a kan Alƙur'ani da Sunna.

Da na bi matakan ɗaya bayan ɗaya, yawanci na tarar da su a addininmu. Mutum ya yarda ƙarfinsa ya ƙare, ya miƙa lamarinsa ga Allah. Ya lissafa waɗanda ya cuta, ya je ya mayar musu da haƙƙinsu, ai sharaɗin tuba ke nan. Ita kanta giyar ba rana ɗaya aka haramta ta ba, mataki-mataki aka bi.

Mataki na 5 ne ke da ƙaya. Cewa ya yi ka zauna da wani mutum ka zayyana masa duk abin da ka aikata. Mu kuwa Annabi (SAW) ya yi gargaɗi ga wanda Allah ya rufa wa asiri da dare, ya wayi gari yana tona kansa. Ni a fahimtata, mai tutiya da saɓo daban, mai neman magani daban. Saurayin da ya sace kuɗin mahaifiyarsa don ƙwaya, in bai samu wanda zai amayar wa cikinsa ba, kunyar ce za ta sake kai shi wurin dila. Sai a zaɓi mutum ɗaya amintacce, malami ko likita, maganar ta tsaya tsakaninsu.

Don Allah iyaye, ban da mari da sarƙa. Mun ga abin da 'yan sanda suka bankaɗo a wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a 2019. Wanda jikinsa ya saba da tramol yana buƙatar likita in zai daina, ga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Yaba nan kusa da mu.

Roƙona ga Sarkin Hausawa da limamanmu na Agege, a ware ɗaki a masallaci bayan Isha'i, ba a rubuta sunan kowa. Matakan kuma a ɗauke su da murya cikin Hausa a tura ta WhatsApp, domin da yawa daga cikin yaran nan ba sa karanta boko.