Takardar da ta yi shekara talatin tana jiran kwamfuta

Assalamu alaikum jama'a. Na can baya kuna jina? To madalla, in murya ta fara yankewa ku ɗaga hannu, don ai abin kunya ne ace muna lacca kan sadarwa kuma sadarwar ta gagare mu a cikin ɗaki ɗaya.

An ce in yi magana kan bincike a fannin sadarwa mara waya, to ni ba zan jero muku 2G da 3G da 4G ba kamar masu talla, duk kun san wannan. Abin da nake so ku gani shi ne wayar da ke aljihunku tarin tsofaffin maƙalu ce, wasu an rubuta su tun kafin a haifi iyayenku, wasu kuma lokacin da aka rubuta su babu wanda ya kula su.

Mu fara da 1948. Wani bawan Allah Claude Shannon, yana aiki a cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka, ya fitar da maƙala da ta ce kowace hanyar aika saƙo tana da iyaka. Abu biyu ne ke yanke iyakar, faɗin zangon igiyar rediyo da aka ba ka, da kuma ƙarfin siginal ɗinka in an gwada shi da hayaniyar da ke kan hanya. In ka tsaya ƙasa da wannan iyaka to akwai yadda za a yi saƙonka ya isa kusan ba kuskure, in ka haura kuwa ko wane irin wayo gare ka ba zai yiwu ba. Matsalar ita ce Shannon ya tabbatar da lissafi cewa hanyar tana nan, amma bai ce ga yadda ake gina ta ba. Wato kamar mutum ya rantse maka akwai ruwa a ƙarƙashin filin nan sannan ya ɗauki jakarsa ya tafi, kai da digarka. Shekara 45 mutane suna haƙa.

Bari in nuna muku me ake nufi da gyaran kuskure, don in ba ku gane wannan ba sauran labarin zai wuce ku. Ace zan aiko maka lambobi huɗu, 1, 0, 1, 1. Sai in ƙara na biyar wanda aikinsa kawai ya sa yawan ɗaya-ɗayan ya zama mai rabuwa biyu cif, a nan ɗaya uku ne don haka zan ƙara 1 su zama huɗu. In saƙon ya iso wajenka ka ƙirga ka ga uku, ka san iska ta ɓata ɗaya a hanya. Amma wanne? Ba ka sani ba. To yanzu ace kowace lamba tana cikin ƙungiya uku daban-daban, kowace ƙungiya da mai gadinta, sai ka ga ƙungiya uku suna kuka a lokaci guda kuma lamba ɗaya ce tak ta haɗa su, shikenan ka kama ɓarawo, ka juya ta. Ba sai ka ce a sake aikowa ba.

Wannan dabarar, a faɗaɗe kan dubban lambobi, ita Robert Gallager ya rubuta a kundin digirin digirgir ɗinsa a jami'ar MIT ta Amurka a 1960, ita ake kira LDPC, ita kuma irin wannan dabara ta gyaran kuskure ana ce mata kod. Aiki ne mai kyau sosai, amma warware shi yana buƙatar a yi ta zagayen lissafi, masu gadin nan suna ta aika wa juna labari har su daidaita, kwamfutocin lokacin kuwa girman ɗaki gare su amma ƙarfinsu bai kai na agogon hannun wasunku ba. Sai aka yaba aka ajiye. Ban da 'yan tsiraru irin su Michael Tanner da ya taɓa ta a 1981, takardar nan ta sha ƙura sama da shekara talatin.

Abin da ya tashe ta ma daga wani waje ya zo. A 1993 a wani taro a Janiba, wasu malamai biyu daga garin Brest na Faransa, Claude Berrou da Alain Glavieux, tare da ɗalibinsu, suka zo da wani sabon kod da suka kira turbo. Suka ce sun matso kusa da iyakar Shannon, tazarar ba ta kai desibel ɗaya ba, wato ɗan kaɗan a ma'aunin ƙarfin siginal. Manyan fannin da yawa basu yarda ba, aka ɗauka kuskure suka yi a simuleshan, wato gwajin cikin kwamfuta, don Berrou asalinsa mutumin lantarki ne ba ɗan gidan masu lissafin kod ba, kuma ba su zo da hujjar lissafi ba sai sakamako kawai. Mutane suka koma suka gwada da kansu, sai ga shi ya fito daidai. Dabarar tasu ita ce na'urar warwarewa biyu, wannan ta yi hasashe ta miƙa wa waccan, waccan ta gyara ta dawo da shi, haka haka har su yarda da juna. Daga nan ne David MacKay na Kambirij da Radford Neal suka sake gano LDPC a tsakiyar shekarun 1990, aka duba aka ga ashe Gallager ya riga kowa. Turbo ya shiga 3G da 4G, LDPC kuma yanzu yana cikin Wi-Fi da talabijin na tauraron ɗan'adam, kuma shi ke ɗauke da datar 5G.

Abin da ke burge ni, Erdal Arıkan na jami'ar Bilkent a Ankara, wanda ya fito da kod ɗin polar a maƙalarsa ta 2009, ɗalibin Gallager ne. A ƙarshen 2016 da ƙungiyar 3GPP mai tsara ƙa'idojin wayar hannu ta zauna zaɓen kod ɗin 5G sai aka ba LDPC ɗaukar data, aka ba polar saƙonnin sarrafawa, malami da ɗalibi a cikin waya ɗaya. Amma kar ku ɗauka zaɓen nan ilimi ne zalla, a'a, kamfanoni ne ke zaune a teburin kowa da takardun mallakar fasaharsa a aljihu, ana ja-in-ja har tsakar dare. Wanda zai shiga fannin nan gara ya san da wannan tun yanzu.

To mu bar kod mu koma iskar kanta. Kun taɓa lura kana waya a ɗaki sabis ya ɗauke, ka ɗan matsa taku ɗaya ya dawo? Siginal ba ta hanya ɗaya yake zuwa ba, wani ya zo kai tsaye, wani ya bugi bango ya dawo, wani ya bugi mota, kamar amsa-kuwwa in ka yi ihu a babban ɗaki da ba kowa. In sun haɗu a daidai sai su ƙarfafa juna, in sun haɗu a saɓe sai su kashe juna. A zangon Wi-Fi na gigahaz 2.4 tsawon igiyar kusan santimita 12 ne, don haka matsawar da ba ta kai tafin hannu ba ta isa ta canja komai. Shekara da shekaru injiniyoyi suna ɗaukar wannan a matsayin annoba, kowa na neman maganinta. Sai a shekarun 1990 Arogyaswami Paulraj a jami'ar Stanford, da Gerard Foschini da Emre Telatar a Bell Labs, suka juya tambayar, suka ce tunda hanyoyin da yawa ne me zai hana mu sa eriya da yawa a kowane gefe mu aika saƙo daban-daban a zango ɗaya a lokaci ɗaya? Shi ne MIMO. Ba a ƙara zango ba, ba a ƙara wuta ba, amma data ta ninka. A 2010 Thomas Marzetta ya ce to a ƙara eriyar ta yi yawa sosai mana, aka ga kamar wasan lissafi ne, sai ga jami'ar Lund a Suwidin ta gina na gwaji mai eriya 100. Yau eriya 64 a kan turken 5G ba labari ba ne.

Nan zan ɗan yi tsokaci kan namu halin, har da ni. Na taɓa duba aikin wani ɗalibi, zanen sakamakonsa gwanin kyau, ya nuna dabararsa ta doke ta kowa. Na tambaye shi, na'urar karɓar ta yaya ta san yanayin hanyar? Ya ce Malam ai mun ɗauka ta sani. Muka sa ɗan kuskure kaɗan a wannan sanin, kawai sai ribar ta narke gaba ɗaya, wata shida na aiki. Kuma laifina ne don na sa hannu a matakin farko ban tambaya ba. Shi yasa nake girmama masu fita da kayan awo. Theodore Rappaport da ɗalibansa sun yi ta hawa rufin gine-gine a birnin Niyok suna auna gigahaz 28, zangon da ake cewa ba zai yi wa wayar hannu ba don bango da ganye ma tare shi suke, suka buga sakamakon a 2013. Gaskiya kuma har yau wannan zangon bai bazu kamar yadda aka yi ta zuzutawa ba, baya tafiya nesa, sai an dasa turaku kusa-kusa, yawancin 5G na duniya a wajen gigahaz 3.5 yake aiki. Amma dai an daina gardama da baki, akwai lambobi a ƙasa.

An miƙo mini takarda wai saura minti biyu, ga kuma tambaya ɗaya a rubuce, wata ɗaliba tana cewa Malam 6G fa, a kan me zan yi bincike?

'Yata, hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ITU, ta fitar da tsarin 6G da ta kira IMT-2030 a 2023, jami'ar Oulu a Finlan ma tun 2018 take da babban shiri a kai, kuma batutuwan da ake yayi sanannu ne, haɗa sadarwa da aikin rada a siginal ɗaya, sa ƙirƙirarriyar basira cikin na'urar karɓa, haɗa waya da tauraron ɗan'adam kai tsaye. In kin bi ɗaya daga ciki za ki samu inda za ki buga maƙala ba wahala, sai dai ku dubu ne a layin. In ni ne ke, zan ware wata ɗaya in zauna da mujallun ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE na shekarun 1960 da 1970, duk inda marubuci ya ce wannan hanya ta fi amma lissafinta ya yi wa na'ura nauyi in ja layi a ƙarƙashi, sannan in buɗe laftof in gwada in ga ko har yanzu da nauyin. Ki same ni bayan an tashi in nuna miki guda biyu da na ja wa layi ban samu lokacinsu ba. Wassalamu alaikum.