Lacca kan Haukar Shanu, cutar da dahuwa ba ta kashewa

Assalamu alaikum jama'a, sannunku da haƙurin zama. Toh abin da ya tara mu yau ba bakteriya ba ne ba kuma bairos ba, wani furotin ne, wato sinadarin gina jiki, da dama can yana jikinmu da jikin dabbobi, sai wata rana ya lanƙwashe ba yadda Allah ya tsara shi ba, in ya taɓa ɗan'uwansa lafiyayye shi ma ya lanƙwasa shi, a haka a haka har ƙwaƙwalwa ta huhhuje ta koma kamar soson wanka. Wani likita ɗan Amurka, Stanley Prusiner, shi ya raɗa masa suna piriyon a 1982.

A Ingila aka fara gano cutar da yake jawo wa shanu, wato haukar shanu, a 1986. Saniya lafiya lau sai ka ga ta fara firgita, tana tangaɗi, ƙafafun baya na harɗewa, ta rame ta faɗi. Da aka bi diddigi ashe ragowar dabbobin da aka yanka, ƙashi da tarkacen nama, su ake niƙawa a zuba a abincin shanu don su yi saurin ƙiba su ba da madara. Dabbar da aka halitta ta ci ciyawa fa! An hana wannan a 1988 amma cutar ta riga ta yaɗu, sai a 1996 gwamnati ta fito ta ce da alama tana kama mutane ta hanyar cin naman, mutum 178 suka mutu a Birtaniya, yawancinsu matasa, shanu sama da miliyan 4 aka hallaka.

Nan ne wurin da ya fi tayar min da hankali wallahi. Mu mun saba in an gasa ko an tafasa shikenan an huta, wannan kuwa ko ka mai da naman ƙurmus a kan wuta yana nan, hatta kayan tiyata wankin da aka saba bai isa ba, kuma a can an samu waɗanda suka kamu ta ƙarin jini. Ga shi a jikin mutum yakan kwanta shekaru goma ko fiye babu alama, in ya tashi kuma babu magani babu riga-kafi.

Kar wani ya ce ai matsalar Turawa ce. A 2018 masu bincike sun ba da rahoton irin wannan cuta a raƙuma a mayankar Wargala ta Aljeriya, ba a tabbatar tana kama mutum ba, amma kun san raƙuma na ratsa sahara har kasuwanninmu.

Don haka mahauta da ke nan, don Allah dabbar da ke tangaɗi kar a yi saurin sa mata wuƙa don gudun asara, a kira likitan dabbobi tukuna, ƙwaƙwalwarta da lakar baya kuma kar su shiga kasuwa. Malam na can baya na ga ka ɗaga hannu, bismillah.