Lacca: Hotunan bikin auren Sarauniya Wilhelmina da tambayar su wane ne 'yan Holan

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da yamma. Na baya kuna jina? To madalla.

Ku dubi hoton nan na kan allo. Ranar 7 ga Fabrairu 1901 ce, a birnin Hague. Amarya Sarauniya Wilhelmina ta Holan, shekararta 20, ango kuma Hendrik, ɗan gidan sarautar Mecklenburg-Schwerin na ƙasar Jamus. Amma ku ƙyale ango da amarya tukuna, ku kai ido gefen titi. Mutane ne maƙil cikin manyan rigunan sanyi, hula na gogar hula, tutoci na reto daga tagogin benaye. Wannan taron shi na zo mu tattauna.

Shekaru kaɗan kafin ranar, gidan sarautar Orange, mai sarautar Holan, ya kusa ƙarewa. Mahaifin Wilhelmina, Sarki Willem na Uku, 'ya'yansa maza uku duk sun riga shi rasuwa, shi kansa kuma ba ya da farin jini, har masu ra'ayin gurguzu suka laƙaba masa Sarki Goggon Biri. Ƙasar ma a rarrabe take: 'yan Furotesta, 'yan Katolika, 'yan gurguzu, kowa da jaridarsa da ƙungiyoyinsa. Da ya rasu a 1890, Wilhelmina na da shekara 10, sai mahaifiyarta Emma ta riƙe mata sarauta.

Emma mace ce mai hangen nesa, ni kam ina jinjina mata. Ta ɗauki yarinyar nan ta zaga da ita lardi-lardi, ta kuma gane amfanin mai ɗaukar hoto. A 1892, lokacin ziyarar lardin Friesland, aka ɗauki hoton Wilhelmina cikin tufafin gargajiya na matan yankin. Ku sa kanku a matsayin manomi ɗan Friesland, ya ga sarauniyar ƙasa da irin kayan da kakarsa ke sawa. Ai ta zama 'yar gida.

Sai ga fasaha ta zo daidai kan gaɓa. A shekarun 1890 mujallu suka soma iya buga hoto kai tsaye, ba sai mai zane ya kwaikwaya ba, katin gaisuwa mai hoto kuma ya yi araha. Shi ya sa bikin 1901 ya shiga ɗakunan mutanen da ba su taɓa taka Hague ba. Ɗan Katolika da ɗan Furotesta, da ba su haɗa coci ba, suna iya liƙa hoton amarya guda a bango.

Yanzu ku dubi keken dokin. Mazauna Amsterdam ne suka yi karo-karo suka ba ta shi a 1898, ranar auren nan ta fara shiga. A jikinsa akwai zanen Nicolaas van der Waay: mutanen yankunan da Holan ta mallaka, baƙaƙe da 'yan Asiya, wasu a durƙushe, suna miƙa kaya ga wata Baturiya kan karaga. Wannan wurin yana sosa min rai. Har ta sauka a 1948, Wilhelmina ba ta taɓa zuwa ƙasar da a yau ake kira Indonesiya ba, alhali Holan ce ke mulkinta a lokacin. Hotonta ake kafawa a wuraren bukukuwa a can, a yi masa gaisuwar ban girma. A ranar da ake shewa a Hague, sojojinta suna yaƙi a Aceh, wani yanki na Indonesiyar yau, yaƙin da aka faro tun 1873, kuma ba za ka ga ko alamarsa a katin biki ba.

A watan Janairu 2022, Sarki Willem-Alexander, tattaɓa-kunnenta ta wajen 'yarta Juliana da jikarta Beatrix, ya sanar cewa ba zai shiga keken ba tukuna, saboda wannan zanen.