Amsoshin Tambayoyinku: Finafinan da Ke Ɗauke da Sunan Allah da Tarihin Annabawa

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a wannan fili. Wasiƙun wannan makon duk kan finafinai suka karkata. Ta farko daga wata baiwar Allah ce, tana cewa: "Na ga wani fim mai suna City of God, an ce ma'anarsa Birnin Allah. Na wa'azi ne, in kunna wa yarana?"

Hajiya, don Allah kada ki kunna musu. Fim ne na ƙasar Brazil da ya fito a 2002, kuma sunan wata unguwar talakawa ce a birnin Rio de Janeiro. Abin da ke ciki labarin 'yan daba ne da fataucin ƙwaya da ƙananan yara riƙe da bindiga. Haka shi ma The Gods Must Be Crazy na Afirka ta Kudu, na 1980, barkwanci ne kan kwalbar Coca-Cola da matuƙin jirgi ya wurgo cikin hamadar Kalahari. Ki riƙa bincikar labarin fim tukuna, sunan kaɗai ba ya isa.

Sai wani bawan Allah da ya rubuto: "Yaya aka shirya fim kan Manzon Allah (SAW) ba tare da an nuna shi ba?"

Malam, ka taɓo inda nake so. Fim ɗin da kake nufi shi ne Ar-Risala na 1976, wanda Mustafa Akkad, haifaffen Halab a Siriya, ya shirya. A Maroko aka fara ɗauka, aka ƙarasa a Libiya. Kowace fitowa sau biyu aka ɗauke ta, da Larabci da Turanci, kowanne da nasa 'yan wasan. Anthony Quinn ne ya fito a matsayin Sayyidina Hamza a na Turanci, Abdullahi Gais kuma a na Larabci.

Akkad ya kai rubutun labarin ga malaman jami'ar Azhar ta Masar kafin ya soma aiki, kuma ya tsaya kan iyaka: ba fuskar Annabi, ba muryarsa, ba matansa, ba halifofi huɗu. To yaya ya yi? Idan Annabi yana wurin, sai kyamara ta tsaya a inda yake, sahabbai su fuskance ta suna magana cikin ladabi, wani daga cikinsu ya maimaita abin da aka umarta. Za ka ga raƙumarsa tana shiga Madina, za ka ga bakin takobin Sayyidina Ali, shi ke nan. Nauyin labarin sai ya koma kan Hamza da Bilal da Zaidu. Ni dai har yau in na tuna inda Ja'afar ke karanta wa Najjashi ayoyin Suratu Maryam, sai jikina ya yi sanyi. A ganina rashin nuna fuskar nan ne ya ƙara wa fim ɗin kwarjini.

Duk da haka bai tsira ba. A watan Maris na 1977 wasu 'yan bindiga sun yi garkuwa da kusan mutum 150 a Washington, kuma cikin buƙatunsu har da a hana nuna shi.

Tambaya ta ƙarshe: "Me ya sa wasu ƙasashe ke hana finafinan annabawa, wasu kuma su ne ke shirya su?"

Bambancin fahimta ne. Yawancin Kirista ba sa ganin laifi mutum ya fito a matsayin annabi, shi ya sa ɗan wasan Amurka Charlton Heston ya fito a matsayin Annabi Musa a wani fim na 1956. Malaman Sunna kuwa galibinsu sun haramta, don haka da fim ɗin Noah, na labarin Annabi Nuhu, ya fito a 2014, Azhar ta yi tir da shi, Qatar da Bahrain da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka hana nuna shi. Iran ta sassauta, ita ce ta yi dogon shirin Annabi Yusuf na 2008 da fuskar ɗan wasa a fili. Kan sahabbai ma an yi ja-in-ja: a azumin 2012 tashar MBC ta nuna shirin Umar da fuskokin halifofi huɗu, wasu malamai suka amince, Azhar ta ce ba ta yarda ba.