Intanet na zuwa amma laftof ba ta ganin firinta: ramin da ake soka waya a kuskure

[Laftof a kan tebur, firinta a kusurwar ɗaki]

Assalamu alaikum jama'a. Ga laftof, ga firinta, tsakaninsu bai fi taku huɗu ba. Laftof tana kan Wi-Fi, YouTube na buɗewa, saƙo na shiga. Amma a ce ta buga takarda, sai ta ce ita ba ta san wata firinta a gidan nan ba. Waccan kwamfutar tebur kuwa, wadda aka haɗa da waya tun tuni, tana bugawa lafiya lau.

Kukan da ake ta kawo min ke nan kwanan nan. Wani har ya mayar da sabuwar rautarsa, akwatin nan mai raba intanet a gida, kasuwa, wai jabu aka sayar masa. Rautar lafiyarta ƙalau. Waya ɗaya ce aka soka a ramin da ba nata ba.

Kafin mu je can, ku juya tsohuwar rautar gidanku. In tana da eriya, ko kun ga an rubuta SSID, wato sunan Wi-Fi, a takardar da aka manna a ƙasanta, to da Wi-Fi ta zo. Ku kunna shi, ku haɗa laftof, kun gama, ku je ku sha shayi. Sauran bayanin na wanda rautarsa waya kaɗai ta sani ne, har ya je ya sayo ta biyu mai Wi-Fi.

[Bayan sabuwar rauta, kusa-kusa]

Ku dubi nan da kyau. Ramuka biyar. Huɗu launinsu ɗaya, an rubuta LAN. Ɗaya ya ware gefe, a wannan shuɗi ne, an rubuta WAN, a wasu kuma Internet. To mutum ya jawo waya daga tsohuwar rauta, ya ga rami an rubuta masa Internet ɓaro-ɓaro, ina zai soka? Ni ma da can nan nake sokawa. Abin haushin kuma, intanet ɗin yana zuwa. Da bai zo ba, da tun a ranar an gane akwai matsala.

Ku ɗauki rauta kamar gida mai zaure. WAN ita ce ƙofar zaure, mai kallon titi. LAN su ne ƙofofin ɗakunan cikin gida. Duk wanda ya zo ta zaure, a wajen rauta baƙo ne, ba ya shiga sai in wani na ciki ne ya aika a kira shi. Da kuka soka waya a WAN, kun shaida wa sabuwar rauta cewa tsohuwar rauta da kwamfutar tebur da firinta duk mutanen titi ne. Sai ta ja katanga, ta kafa gidanta a cikin gidanku, irin yadda 'yan'uwa kan yi bayan rabon gado. Laftof na iya fita, ta bi zaure biyu ta kai titi, shi ya sa intanet bai yanke ba.

Firinta fa? Ita firinta shela take yi a tsakar gida, ga ni nan, ga sunana, kwamfutoci su ji su sa ta a jeri. Wannan shelar ba ta tsallake katangar rauta. Wanda ya haddace adireshin firintar zai iya rubuta shi da hannu, sau da yawa ma ya dace, tunda daga ciki zuwa waje ba a hana fita. Amma daga kwamfutar tebur a ce za a nemo laftof, a ɗauko wani fayil, babu hanya. Masu sana'ar suna ce wa wannan NAT biyu.

[Fuskar kwamfutoci biyu gefe da gefe]

Ga shaida. A kowace kwamfuta na buɗe baƙin akwatin nan na cmd, na rubuta ipconfig. Ta tebur: 192.168.1.5. Laftof: 192.168.0.101. Ku dubi lamba ta uku. Can 1, nan 0. A irin haɗin gidajenmu, lambobi ukun farko su ne sunan unguwa, ta huɗu lambar gida. Unguwarsu daban ke nan, ko da suna kan tebur ɗaya.

To sai kawai in zare wayar in mayar LAN? Tsaya tukuna, malam. Nan ne tarko na biyu, kuma ya fi na farko mugunta.

Kowace rauta tana zuwa da mai rabon lamba a cikinta, sunansa DHCP. Na'ura ta shigo gida, ta ɗaga murya, wa zai ba ni adireshi, shi kuma ya miƙa mata, ya nuna mata ƙofar fita. In kuka haɗa LAN da LAN ba ku kashe na sabuwar ba, masu rabo sun zama biyu a gida ɗaya. Ku tuna layin asibiti da asuba, a ce mutum biyu ne ke raba kati, kowa da nasa lissafin. Wanda ya riga amsawa shi ke ba da lamba. In sabuwar rauta ce ta riga, za ta ce wa na'urar ni ce ƙofar fita, alhali zaurenta ba kowa, ba waya. Shi ke nan intanet ya ɗauke, har a kwamfutar tebur da ba ta ci ba ba ta sha ba, in dai ba da hannu aka sa mata lamba ba.

Kuma ba kullum yake yi ba, abin da ke haukata mutane ke nan. Yau komai daidai. Gobe a ɗauke wuta a dawo da ita, sabuwar ta riga tsohuwar farkawa, gida ya rikice. Sai a hau zagin kamfanin layi, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba.

[Hannu na zare waya daga ramin shuɗi]

Ga yadda ake yi, kuma a bi shi a jere. Raba rautocin biyu tukuna. Haɗa laftof da sabuwar da gajeriyar waya, a ɗaya daga ramukan LAN. Buɗe burauza, rubuta adireshin da ke manne a ƙasanta. Yawanci 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, na Huawei masu cin sim kuma 192.168.8.1.

Na farko, canja mata adireshi ta dawo unguwar tsohuwar. Tawa tsohuwar 192.168.1.1 ce, don haka na ba sabuwar 192.168.1.2. Ku leƙa tsohuwar ku ga daga ina take fara rabo. Tawa daga 100 take farawa, ka ga 2 ba mai taɓa ta. Waccan ta tebur mai 5, da hannu na sa mata. Sabuwar rautar za ta mutu ta tashi, sai ku sake shiga da sabon adireshin. Ku rubuta shi a takarda ku manna a jikinta, don Allah. Wata shida masu zuwa ba za ku tuna ba, na gwada.

Na biyu, sunan Wi-Fi da kalmar sirri. Na uku, a ƙarshe, ku nemo DHCP ku kashe. A ƙarshe na ce, don da zarar kun kashe shi laftof ba ta da mai ba ta lamba. In kuka ga adireshi ya fara da 169.254, kada hankalinku ya tashi, ita ce ta raɗa wa kanta don ba wanda ya amsa mata. Yanzu ɗauko doguwar wayar, LAN na tsohuwa zuwa LAN na sabuwa. Ramin shuɗi a bar shi fayau. Ni har salatif nake liƙa masa saboda yara masu son gyara.

Wasu sababbin rautocin sun hutar da mu. In kun ga wani zaɓi mai suna Access Point a ciki, ku danna, duk abin nan da na lissafa ita za ta yi. A irin waɗannan, sau da yawa ramin WAN ɗin ma ya koma na cikin gida, sai ku bi hoton da ta nuna muku.

[Saurin hotuna: kalmar sirri, bango, waya a kan silin]

Saura da gudu. Tsaro: WPA2, ko WPA3 in na'urorinku sun san shi. WEP kuwa tsohon kwaɗo ne, da ƙusa ma ana buɗe shi. Kalmar sirri ba ta yin ƙasa da harafi 8, kuma 12345678 yaron maƙwabta ya riga ku saninta. Kada ku sa laftof a kan Wi-Fi na baƙi, shi da gangan aka raba shi da cikin gida. Wayar da ke tsakanin rautocin tana kaiwa mita 100, don haka ba dole su zauna ɗaki ɗaya ba. Kai sabuwar tsakiyar gida, a sama, ba bayan firij ba. Bangon bulo da rufin kankare suna cinye sigina, kuma Wi-Fi mai 2.4 GHz ya fi mai 5 GHz ratsa bango, 5 ya fi gudu in kuna kusa.

[Fuskar laftof]

Mu sake ipconfig. 192.168.1.104. Unguwa ɗaya. In har yanzu ba ta ganin kwamfutar tebur, Windows ce ta ɗauki Wi-Fi ɗin gidanku kamar na tasha, ta sa shi a Public. Mayar da shi Private, nan, ƙarƙashin sunan Wi-Fi ɗin.

Ga firinta ta fito a jeri. Bismillah, mu buga.

[Takarda na fitowa, rabinta fari]

To, wannan tawada ce ta ƙare. Rauta ba ruwanta.