Sharhi: Ina Kifin Koginmu Yake Zuwa?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Kowane masunci ya san idan ruwan damina ya fara hawa, tarwaɗa da bargi kan bar tsakiyar kogi su nufi fadama don zuba ƙwai. Amma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja zuwa Nguru ta ragu, kuma yanzu ƙofar dam ce ke yanke lokacin zuwan ruwa. Ke nan mai buɗe ƙofar yana bukatar sanin makon da kifi ke tashi da inda yake dosa. Hanyar sanin haka ita ce a sa wa kifi alama a bi sawunsa.

Mafi sauƙi ita ce alamar roba mai lamba da ake maƙala wa kifi a baya. Tana da araha, sai dai wuri biyu kawai take nunawa: inda aka sake shi da inda aka sake kama shi. Wadda ta fi ta ita ce 'yar na'ura mai batir da ake dasawa cikin cikinsa, tana fitar da sautin da kunnen mutum ba ya ji, ana kuma kafa na'urorin sauraro a ƙarƙashin ruwa su rubuta lambar kifin da lokacin da ya wuce.

A nan ake son hannu mai sanyi. Kada nauyin na'urar ya wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin kifin; mai kilo ɗaya, iyakarsa giram 20. Ana sanya shi cikin ruwa mai man kanumfari, kimanin miligiram 50 a lita, har ya kife ya daina motsi. Sai a kwantar da shi rigingine kan jiƙaƙƙen soso, ana kwarara masa ruwa ta baki, a tsaga cikinsa kamar santimita 2, a zura na'urar, a ɗinke da zare sau biyu ko uku. Minti biyar ya isa. Ba a sakinsa sai ya miƙe da kansa cikin baho, kuma gara a yi aikin da sassafe, don zafin rana na rage iskar da ke cikin ruwa.

Matsalolin kuwa ba kaɗan ba ne. Dangin tarwaɗa, musamman ramboshi, kan fitar da na'urar daga jikinsu ta hanji, sai ta faɗi cikin laka tana ta kira, mai bincike na zaton kifi ya samu wurin zama. Don haka alamar da ta yi makonni ba ta gusa ba, abin tuhuma ce. Na'urar sauraron da ke ji daga mita ɗari biyar a ruwa kwantacce, nisan jinta na raguwa ƙwarai idan ambaliya ta kawo yashi ko jirgi mai inji ya wuce, alhali a lokacin ambaliyar ne aka fi bukatarta. Dole a gwada nisan da rani, a sake gwadawa da damina.

Babbar matsalar ita ce a fara aiki ba tare da Sarkin Ruwa ba. Kifi mai alama zai faɗa ragar masunta, kalli ko koma, ba makawa. In masunci bai san ma'anarta ba, zai cire ya yar, wahalar wata shida ta bi ruwa. A rubuta lambar waya jikin alamar, a ware tukwici, a kuma dawo wa masunta da sakamakon a bakin gaɓarsu. Cibiyar binciken kifi ta ƙasa da ke New Bussa da hukumomin raya koguna su ne ya kamata su zauna kan wannan, kafin a tsara sakin ruwan damina mai zuwa.